Fitilun a-kori-kurata

Ƙwan fitilar gaba na tsohuwar Hilux irin tawa, wanda ake kira H4, yana cin wat 55 a hasken kusa, wat 60 a na nesa, kuma guda biyu ne. Ka haɗa da ƙananan fitilun gaba da na baya da na lamba, kowace wat 5, sai ka ga kusan wat 140 ke fita daga batir mai bolt 12 muddin dare ya yi. In inji na aiki, wannan ba komai ba ne. Sai dai aikin rediyo yakan kai ni ƙauyukan Damagaram ɗaukar shiri da dare, lokacin da manoma suka dawo daga gona. Dole a kashe mota don kada ƙararta ta shiga makirfo, a bar fitilu su haska dandali. In hira ta yi daɗi ta zarce, to samarin gari ne za su tura mu. Abin da ya kai ni ga ƙwayayen LED ke nan, ba kwalliya ba.

Da na baya na fara, kuma nan ne kuɗina suka fi yin amfani. Ƙwan birki na da yana cin wat 21, sabon bai wuce uku ko huɗu ba. Ba shi da siririn zaren nan da ke tsinkewa in mota ta sha gargada, kuma kana taka birki yake kamawa, ba ya jiran zare ya yi zafi. Wanda ya taɓa rage gudu a Takeita da tirela a bayansa ya san darajar wannan ɗan lokacin.

Sigina ce ta so ta ba da wuya. Da aka sa mata LED sai ta riƙa ƙiftawa da sauri kamar mai hakiya, domin na'urar da ke sarrafa ta tana auna wutar da ake ja, in ta ga ta yi kaɗan sai ta ɗauka ƙwai ya mutu. Mai gyaran wuta ya ce, "Malam, hanya biyu ce: ko in sa abin da zai cinye ragowar wutar ya mai da ita zafi, ko a canza na'urar." Na ce a canza. Ina amfanin rage cin wuta in za ka sayo wani abu ya cinye ta a ɓoye?

Fitilun gaba su ne maganar. Madubin da ke cikin kwanon fitila an ƙera shi ne don hasken da ke fitowa daga wuri ɗaya tak, inda zaren tsohon ƙwai yake. In ƙwayoyin LED ba su zauna daidai wurin ba, haske sai ya watse sama da gefe. Kai da ke ciki kana ganin fari fat kana murna, alhali hanya can gaba ba ta ƙaru da komai ba, wanda ke tahowa kuwa ka rufe masa ido. A hanyar Zinder zuwa Maraɗi ba motoci kaɗai ke tafiyar dare ba. Akwai ɗan kabu-kabu da goyon mutum biyu, akwai amalanken shanu da ba ta da ko tocila. Direban da ka kashe wa ido na daƙiƙa uku, amalanken da ke gabansa zai hau. Don haka na ce ba zan biya ba sai mun gwada a jikin bango da dare: hasken kusa ya yanke a layi, sama duhu, ƙasa haske. Iri biyu muka mayar wa mai shago. Na uku ne ya yanke, muka kuma sunkuyar da shi kaɗan, saboda a-kori-kura in ta ɗauki buhunan gero bayanta yakan zauna, hancinta ya ɗaga.

Ɗaya daga cikin waɗanda muka mayar yana da wani laifin da ba kowa zai kula ba. Ana kunna shi sai rediyon mota ya ɗauki shuuu, tashar da ke fita tangaran ta nutse. Ƙaramar na'urar da ke daidaita wa ƙwan wuta ce ke watsa wannan hayaniya in ta arha ce. Mai shagon ya yi mamakin wai saboda rediyo zan ƙi fitila.

Fitilun hazo na ƙasa kam ban taɓa su ba, rawaya suke har yau. In hunturu ya sauko da ƙura, farin hasken nan mai shuɗi-shuɗi yakan tsaya maka a gaba kamar an rataye zane, ido ya gaji tun kafin Tasawa. Ƙurar kuma tana da wani aikin: LED ba ya zafi ta gaba, ta gindi yake yi, inda aka sa masa ƴar fanka. In ta toshe, ƙwan da aka ce zai shekara da shekaru sai ya dushe. Duk ranar da aka canza baƙin mai nakan sa a hure ta.

Masu tambayata ko mai ya ragu, ban ga bambanci a tanki ba, wat tamanin ba abin da injin mota zai ji ba ne. A batir na gani. Shirinmu na ƙarshe a wani ƙauye kusa da Mirriya ya kai sha ɗayan dare ana gardamar farashin taki, na murɗa makulli sau ɗaya mota ta tashi.