A Duba Rumbu Kafin A Zargi Hatsi

A gidana akwai kwamfuta guda ɗaya, ni da ɗana muke tarayya da ita. Da rana in rubuta takardu, da dare shi kuma ya yi wani wasa da ake kira Skyrim, wanda ya fito a shekarar 2011. Masu sha'awar wasan nan sukan ƙirƙiro masa ƙare-ƙare, ana ce musu mod, wani ya ƙara doki, wani ya sake kamannin gari. Yaron ya tara wajen 30.

Ran nan na ga faifan ajiya na cikin kwamfuta ya cika, sai na umurce shi ya mayar da wasan cikin wani tsohon faifai na waje, irin mai juyawa, inda nake ajiye hotunan iyali da na takardar gonarmu. Tun daga ranar wasa ya rikice. Ƙare-ƙaren suka ƙi aiki, wasan kuma yakan mutu ana tsakiyar yi. Ya kawo mini ƙara, na ce, "Kai, rabu da ni! Tarkacen da ka cusa masa ne suka ɓata shi."

Yaron bai yi musu ba, sai ya shiga bincike daki-daki. Da fari ya gano cewa Vortex, manhajar da ke shirya masa ƙare-ƙaren, tana bukatar su zauna a faifai ɗaya da wasan, faifan kuwa mai tsarin NTFS. Mun raba su, shi ya sa suka ƙi aiki. Da ya haɗa su wuri guda suka tashi, amma mutuwar wasa ba ta daina ba. Sai ya cire su duka, bai bar ko ɗaya ba, wasa ya sake mutuwa. Ashe ba su da laifi. Daga nan ya sa Steam, inda ya sayi wasan, ta duba fayilolinsa. Ta sami biyu sun lalace, ta sauko da sababbi. Bayan kwana uku waɗansu kuma suka lalace.

Ya zo ya durƙusa ya ce, "Baba, abin da aka gyara shekaranjiya ya sake ɓaci."

Nan jikina ya yi sanyi. Ni akawu ne, na san in ka sake rubuta takardar da gara ta ci, ka mayar da ita akwati, ka tarar an sake cin wata, to, akwatin za ka bincika. Muka kasa kunne, muka ji faifan yana ƙas-ƙas. Ya buɗe wata manhaja mai auna lafiyar faifai, CrystalDiskInfo, ta nuna alamar gargaɗi mai ruwan ɗorawa. Faifan ya kama hanyar mutuwa.

A daren nan muka kwashe abin da ke ciki. Takardar gona ta tsira, amma hotuna uku suka ƙi buɗewa, ɗaya na mahaifiyata ne, Allah Ya jiƙanta, ba ni da waninsa. Da na saurari yaron tun ran da ya fara kawo ƙara, watakila da yana nan. Daga baya na sayi sabon faifai irin SSD, wanda ba abin da ke juyawa a cikinsa, wasa bai sake mutuwa ba.

To, ya mai karatu, in wasa ya riƙa mutuwa, bi shi kamar yadda yaron nan ya yi: cire ƙare-ƙare, duba fayiloli, auna faifai. Abin da ba ka so ka rasa kuwa, ajiye shi wuri biyu. An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Gaskiya ne, amma ran nan ni ina zaune a ƙasa, yaro ne ya hango. Allah Ya ba mu kunnen sauraro, amin.