Gida a Kan Ruwa: Daga Shagwa Zuwa Bakin Tafkin Chadi

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa sauka Injamena ya san Shagwa, unguwar nan ta bakin kogin Shari, inda gada ta haye zuwa Waliya da hanyar kudu. Mu dai ta kan gadar muke bi. Amma ƙarƙashinta akwai wata hanyar, ta masu gida a cikin jirgin ruwa.

Da irin wannan iyali na yi tafiyar kwana uku zuwa bakin tafki, a watan Nuwamba. Sarkawa ne, asalinsu Yawuri. Mahaifin maigidan na cikin masuntan da suka biyo kifi zuwa Chadi a shekarun fari na 1970. Jirgin katako ne dogo, da inji a baya. Tsakiya rumfar tabarma da gidan sauro, nan ne ɗaki. Can gaba uwargida ta zuba yashi a rabin ganga ta kafa murhu, don kada wuta ta ci katako. Buhunan masara, gishiri da sabulu na ƙarƙashin ƙafa, a dawo da banda. Yara huɗu, ƙaramin an ɗaura masa igiya a ƙugu.

Da kun wuce inda Logon ya haɗu da Shari, daura da Kusiri, kogin ya zama iyaka: dama Chadi, hagu Kamaru. Gulfe na hagu, Dugiya da Mani na dama, sai Balanguwa, sai Jimtilo. Ba a tafiyar dare, saboda dorina da kuma jami'an tsaro, musamman tun bayan harin Baga na Janairun 2015. Kafin magariba an ɗaure jirgi, a yi salla kan yashi, a ci tuwo da miyar tarwaɗa.

Kogin ne ke yanka musu lokaci. Ruwa kan cika wajen Oktoba da Nuwamba, zuwa Afrilu kuma sai ka ga maza sun sauka suna tura jirgi a kan yashi. Shari ke kawo kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan tafkin, shi ya sa in ya yi ƙasa, kifi ya yi tsada har Maiduguri da Kano.

Sai dai abin da ke hana maigidan barci takarda ce. Biyu daga cikin yaran a jirgi aka haife su, tsakanin gaɓa biyu. "Alhaji," ya ce da ni, "jandarman dama ya ce 'yan Kamaru ne, na hagu ya ce 'yan Chadi, a gida kuma ba wanda ya san su." Babu takardar haihuwa, babu makaranta, allo kawai da yake biya musu bayan asuba.

'Yan uwa, wannan ba ta masunta ba ce kaɗai. Mu nawa ne muka haifi 'ya'ya a zango, muka ce sai an koma gida? Duk inda haihuwa ta same ka, ka je a rubuta yaron tun da wuri, ka naɗe takardar cikin leda kamar yadda kake naɗe kuɗi. Allah ya raya mana zuri'a, ya kai kowa gida lafiya.