Kafin a sare itace, a tambayi wa ke shan inuwarsa

Mu da kuka saba jin muryarmu, yau da rubutu muka zo, domin wani abin kunya ya same mu a gidan rediyonmu, kuma mun ga gara mu faɗa da bakinmu, ko wani ya tsira.

A ɗakin baya na tasharmu akwai wata tsohuwar kwamfuta da ba a kashe ta sai in wuta ta ɗauke. Masu gyara suna ce mata serveur, mu kuwa uwar ɗaki muke ce mata. Ubuntu ce a kanta. Duk ajiyarmu tana cikinta: tallace-tallace, sanarwowi, har da hirarrakin da muka yi da tsofaffin da wasunsu sun riga mu gidan gaskiya. Ta nan kuma saƙonnin wakilanmu suke bi. Wakili zai aiko da murya ta WhatsApp daga Malawa ko Dogo-Dogo ko Waca, mu jefa ta cikin wani dosiye, jim kaɗan mu tarar ta koma MP3 a situdiyo. Wani matashi mai gyara daga Damagaram ne ya haɗa mana wannan dabara shekarun baya. Ba mu taɓa tambayar yadda take aiki ba. Abin da ke tafiya lafiya, wa ke tambayarsa?

Ran nan uwar ɗaki ta fara kukan cikinta ya cika. Muka ce ai mun yi lakkwal, muna jin Faransanci, ba sai mun kira kowa ba. Muka cire wata manhajar tace bidiyo da babu mai taɓa ta, tunda mu rediyo ne. Sai na'urar ta nuna mana dogon jerin sunaye, ta ce waɗannan ƙunshe-ƙunshe an saka su ne kai tsaye, yanzu ba a buƙatarsu, mu rubuta apt autoremove mu kwashe su. Muka rubuta. Ta tambaya ko mu ci gaba, muka danna O ko karanta jerin ba mu yi ba. Wuri ya samu, har muna yi wa juna barka.

Wallahi babu abin da ya yi ƙara. Mai aikin dare ya jefa saƙonni cikin dosiye kamar kullum, ya tafi gida. Mai aikin safe ya tarar babu komi a situdiyo, ya ɗauka wakilai ne ba su aiko ba. Ashe cikin saƙonnin akwai sanarwar rasuwar wani dattijo a yankin Dungas, ana kiran dangi jana'iza da hantsi. Sai da azahar ɗansa ya bugo mana: "Malam, mun aiko tun dare, me muka yi muku?" Wasu ƴan'uwansu da ke wajen Bande sai bayan an rufe shi suka ji. Mun je gaisuwa, mun ba da haƙuri, sun ce ba komi. Amma mu mun san akwai komi.

Da muka samu mai gyaran a waya, tambaya ɗaya ya yi: "Yaya, me kuka cire?" Muka ce ba mu sani ba. Ya sa muka buɗe wani fayil mai suna history.log, inda na'urar ke rubuta duk abin da aka saka ko aka cire, da rana da lokaci. A cikin jerin muka ga FFmpeg.

Ga bayanin da ya yi mana. Manhaja ba ta tsayawa da ƙafarta kaɗai, kowace tana jingine da wasu ƙunshe-ƙunshe. FFmpeg, wanda Bafaranshe Fabrice Bellard ya fara a shekara ta 2000, shi ke juya sauti da bidiyo daga wani tsari zuwa wani. A wajenmu manhajar bidiyon ce ta jawo shi, don haka na'urar ta rubuta shi a matsayin ɗan rakiya. Daga baya mai gyaran ya tarar da shi a ciki, ya ɗora dabararsa a kansa, amma da hannu ya rubuta ta, ba ta cikin rajistar na'urar. Da muka sallami mai gayya, sai na'urar ta ga ɗan rakiya ba shi da sauran aiki. Ba ƙarya ta yi mana ba, iyakar abin da aka gaya mata ta sani. Mayar da shi kuwa, da irin rezon da muke da shi, sai da muka kai magariba.

Ba mu kaɗai irin wannan ta taɓa samu ba. A watan Maris na 2016 wani mai rubuta manhaja ya janye wani ɗan ƙunshi mai suna left-pad daga rumbun npm. Layi 11 ne kacal a cikinsa, amma dubban ayyuka a duniya suka tsaya har sai da aka mayar da shi, domin da yawa ba su ma san suna jingine da shi ba.

Abin da ya fi ba mu kunya shi ne, wannan darasi iyayenmu sun riga mu saninsa. Magarya da Matamai da Mirya sun yi suna da gawo, saboda tun wajen shekarun 1980 manoma suka daina share gona ƙarƙaf. Wajen sassabe sai su zaɓi tsiron da za a bari, su gyara shi, kowa ya san wannan ba a taɓa shi. Kuma gawo da damina yake zubar da ganye. Baƙo zai gan shi tsirara ya ce ya mutu, a sare, alhali hatsin da ke ƙarƙashinsa ya fi na ko'ina kyau.

Yanzu mun kafa wa kanmu doka. Kafin cire komi, sai mun gwada da harafin -s, wanda ke nuna abin da zai tafi ba tare da an taɓa shi ba, mu karanta jerin har ƙarshe. Sunan da ba mu gane ba, mu tambayi na'urar wa ke jingine da shi ta apt-cache rdepends, sannan mu tambayi mutum, tunda ita ba ta san abin da aka haɗa da hannu ba. Wanda muka tabbatar muna buƙata, mu yi masa shaida da apt-mark manual, kamar yadda ake yi wa ɗan gawo. Mun kuma ɗaure wani kaye da zare a jikin uwar ɗaki: duk wanda ya saka abu sai ya rubuta sunansa, da rana, da dalili, da abin da ke cin moriyarsa. Ba ma yin shara da dare, kuma in an yi, sai an aika saƙon gwaji an ji shi a situdiyo kafin kowa ya tafi gida.

Ƴan'uwa na sauran tashoshi, da masu kula da na'urori a asibitoci da ma'aikatun magajin gari, ku sayi kayen nan tun yau. Dattijon nan kuwa, Allah Ya jiƙan sa, Ya ba iyalansa haƙuri. Amin.