Neman Wurin Ɗaukar Hoto a Birnin Dabo



Hausawa na cewa tafiya mabuɗin ilmi, kuma gani ya kori ji. A yau kusan kowane gida akwai wayar hannu mai ɗaukar hoto, saboda haka in an je hutu ba a rasa abin ɗauka. Abin da akan rasa shi ne sanin inda za a tsaya, da lokacin da za a tsaya, da wanda za a nemi izininsa. Na sha ganin ɗalibi ya dawo daga hutu da hotuna fal a waya, amma duk a falo ko a gaban kanti aka ɗauke su, ba ka ko iya cewa ga garin da ya je. Wannan ya sa na ga ya dace in ba ku labarin kwana biyar da muka yi a Kano cikin dogon hutu, ni da uwargida da yaranmu uku da Inna mahaifiyata, ko wani ya tsinci fa'ida.

Mu asalinmu Kanawa ne, amma yarana duk a Kaduna aka haife su. In an tambaye su sai su ce su 'yan Kano ne, alhali ba su san Kanon ba sai a baki. Da muka sauka gidan Baffa a cikin birni, sai na ba babban ɗana biro da takarda, na ce ya je ya gaida tsofaffin gidan, ya tambaye su wuraren da baƙo ya kamata ya gani. Kafin magariba ya cika shafi guda. Baffa ya duba takardar, ya ce, "Ku fara da Dala, amma kada ku hau da rana tsaka. Ku bari a yi la'asar."

To, a nan muka ɗauki darasi na farko, wato sha'anin haske. Mai ɗaukar hoto yana son rana ta kasance a bayansa, tana haska fuskar abin da zai ɗauka. In ka tsaya a kan Dala, Babban Masallacin Juma'a yana kudu maso gabas da kai, Goron Dutse kuwa yana yamma. Ke nan da hantsi Goron Dutse ne zai fito maka sosai, masallaci kuwa sai rana ta karkata. Mun hau bayan la'asar, ga shi an yi ruwa da daddare ya wanke ƙura, sai ga hasumiyoyi biyu da koriyar ƙubba tangaran, ga rufin gidaje har iyakar ganin ido. Wanda ya zo lokacin hunturu ba zai sami haka ba, domin hazo kan rufe gari. Inna dai ba ta hau ba saboda gwiwa, ta zauna a gindin dutse tana jan carbi. Yara kuwa suna ta haki suna tambayata labarin Barbushe, wanda littafin tarihin Kano ya ce a nan yake zaune tun kafin zuwan Musulunci.

Kashegari da hantsi muka hau adaidaita sahu zuwa marinar Ƙofar Mata, wadda masu ita ke cewa an kafa ta tun 1498. Wuri ne da hoto ke kyau ƙwarai: ramukan karofi a jere, ga marina zaune suna tsoma yadi, ga shuɗin zane an shanya. Da baba da toka ake haɗa ruwan rinin. Abin da ya fi ba 'yata mamaki shi ne yadda yadi ke fitowa daga rami da ɗan kore-kore, sai iska ta buge shi sa'an nan ya juye shuɗi. Ta ɗaga waya za ta ɗauki wani dattijo, na ce, "Dakata tukun, kin gaishe shi?" Ta durƙusa ta ce, "Baba, ina kwana? Don Allah ko zan ɗauki hotonka kana aiki?" Ya yi murmushi ya ce, "Ɗauki, jikata, amma ki ɗauki hannun, shi ne ke da aikin." Wallahi duk cikin hotunanmu babu wanda ya kai wannan, hannu ya rine har gwiwa saboda shekaru. Da za mu tafi muka sayi ɗan kwali biyu, domin bai kamata mutum ya cinye wa mai sana'a lokaci ya tafi haka nan ba.

Wannan shi ne darasi na biyu. Dutse da gini ba sa jin kunya, amma mutum yana da mutunci. A Kasuwar Kurmi, wadda Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa (ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499), lunguna matsattsu ne, haske na shigowa ta tsakanin rumfuna, ga sirdi da linzami da jakunkunan fata da littattafai. Wani baduku ya yarda muka ɗauke shi, maƙwabcinsa ya ce shi ba ya so, muka yi masa godiya muka wuce. Na kafa wa yara doka uku: ba a ɗaukar matan mutane, ba a ɗaukar mabaraci ko almajiri don a je a nuna, ba a leƙa zauren kowa da waya. A ƙofar fada kuma, wato Gidan Rumfa, sai da muka tambayi dogarai inda aka yarda a tsaya. Haka a Gidan Makama, inda aka adana kayan tarihi, muka tambayi ma'aikata kafin mu ɗaga waya. Tambaya ba ta rage mana komai ba, sai ma ƙarin bayani da muka samu.

Rana ta huɗu ita ce ta Inna. Tun daga Kaduna ta ƙullo wani tsohon hoto mai fari da baƙi a cikin jakarta. Marigayi mahaifinmu ne yana saurayi, tsaye riƙe da keke, ga ganuwa a bayansa ta yi tsawonsa kusan uku. Ta ce tsakanin Ƙofar Na'isa da Ƙofar Gadon Ƙaya aka ɗauka, kuma burinta jikokinta su tsaya a daidai wurin, tun da ba su taɓa ganin kakansu ba. Muka bi titin da ƙafa a hankali, tana duba hoto tana duba gefen hanya. Wani wuri ganuwar ta zama tudun ƙasa, wani wuri an yi gini, wani wuri babu ko alama. Kududdufan da aka haƙi ƙasar ginin a cikinsu ma an cike da yawa. Muka kai muka komo sau biyu. Can sai ta tsaya ta ce, "Malam, bar wahalar da yaran nan. Wurin ya tafi, kamar yadda mai wurin ya tafi."

Na rasa abin da zan ce mata. Autarmu ce ta ja mayafinta ta ce, "Inna, ga wani guntu can bai faɗi ba." Muka ƙarasa, ga ɗan abin da ya rage, ruwan sama ya zaftare kansa. Yara suka jeru, Inna a tsakiya riƙe da tsohon hoton a ƙirjinta, na ɗauka. Ba daidai wurin ba ne, amma ganuwar dai ita ce, wadda tarihi ya ce Sarki Gijimasu ne ya soma gininta, shi da ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134. Ta tsaya shekara ɗaruruwa, sa'an nan a tsakanin zamanin mahaifina da na 'ya'yana ta zube haka. Ginin ƙasa yana son yaɓe a kai a kai, in an daina kula da shi damina ce ke cinye shi, balle a haɗa da masu ɗibar ƙasa. Da daddare na ji babban ɗana yana tambayar Baffa wa ke da alhakin gyara ta. Tambayar ta fi mini hoton daɗi.

Saboda haka, ya ku ɗalibai, in Allah ya kai mu hutu mai zuwa, duk garin da aka kai ku, ko Zariya ne ko Katsina ko Sakkwato ko ƙauyenku, ku fara da tambayar tsofaffi kafin ku tambayi waya. Ku lura da inda rana take. Ku yi sallama ku nemi izini. Ku sa kakanninku a cikin hoton tun suna da rai, ku rubuta sunan wurin da shekarar. Iyaye kuma, don Allah a daure a wanke ko da hoto biyu ne a kati, domin waya tana lalacewa ko ta ɓata, na Inna kuwa ga shi ya kusa shekara arba'in a jaka. Wanda ya dawo da hoto mai kyau ya kawo mini shi tare da bayaninsa layi biyar, za mu liƙa a allon sanarwa na makaranta insha Allahu.

Allah ya sa mu dace. Wassalam.