Ƙugiyar da ke cikin magana

A hutun damina na koma gida Birnin Lalle, a daidai lokacin da hatsi ya ja baya a rumbu. Kawuna ya sayar da raguna biyu a kasuwar Dakoro, ya ajiye jikka ɗari da ashirin a asusun wayarsa domin sayen gero. Wata ranar da yamma saƙo ya shigo masa da Faransanci, ya miƙo mini, tun da ni ne ɗan jami'a.

Saƙon ya ce za a rufe asusun cikin awa ɗaya idan bai aika da lambar sirrinsa ba. Na fassara masa shi daidai da Hausa, har da muryar hukuma. Ban tsaya na tambayi wanda ya turo ba, don Faransancin ya yi mini kama da na ofis. Jim kaɗan wani ya kira, yana ta "Alhaji, ranka ya daɗe, yi hanzari."

Kawu bai yi boko ba, bai kuma taɓa zuwa Makka ba. Ya kashe wayar, ya dube ni ya ce, "Ɗana, wanda ke riƙe da kuɗina bai san sunana ba? Kuma tun yaushe mai ajiya ke hana mutum shawara da iyalinsa?" Washegari wakilin kamfanin a Dakoro ya tabbatar mana cewa ba sa neman lambar sirrin kowa, ko ta saƙo ko ta kira.

Faransawa na kiran wannan zamba hameçonnage, daga sunan ƙugiyar kamun kifi. Abincin da ake maƙala wa ƙugiyar kalmomi ne: laƙabin girmamawa a madadin suna, umarni a jere, wa'adi gajere, barazanar asara ko alkawarin kyauta. Nijar ta yi dokar hukunta laifukan intanet a 2019, amma doka ba ta zaune kusa da mai waya a lokacin da ake masa daɗin baki.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ni na ara wa ɓarawon bakina. Mu ɗaliban harshe ne ake miƙo wa waya a ƙauyukanmu. Tun daga ranar, kafin in fassara saƙo, sai na fara tambayar wa ke magana, me yake so a yi, me ya sa kuma yake gaggawa.