Ɗari biyar ɗin Inna

Watan jiya na kira Inna daga Yamai na ce kuɗin fotokofi sun ƙare. Ta ce: «Kar ka damu, zan aiko ma ɗari biyar.» Da yamma saƙo ya shigo wayata: sefa 500. Raina ya ɓaci. Ashe ƙanena ta miƙa wa wayar, ta ce ya sa ɗari biyar, yaro ya danna 5, 0, 0.

Duk wanda ya tashi a Maraɗi ya san ɗari biyar ɗin Inna sefa 2500 ne. Mu da dala muke ƙirga kuɗi, dala ɗaya kuwa sefa biyar ce. Ɗari a bakinmu 500 ce a takarda, ɗari biyu jikka guda. Ita waya da faransanci take tambaya, da lissafin banki take amsa.

Abin da ya fi cina shi ne maganar da ta yi daga baya: «To, ni dai ban yi lakwal ba.» Matar da ta shekara ashirin tana sayar da ƙuli-ƙuli ba a taɓa cutarta da ko dala ba, yau ta ɗauki kanta jahila.

A 1988 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Don Norman, ya fitar da littafi kan kayan amfanin yau da kullum. Ya kawo misalin ƙofa: in mutane suna ta jan ƙofar da turawa ake yi, laifin na wanda ya ƙera ta ne. Injiniya sai ya fara duba yadda mutum yake tunani da aikatawa, sannan ya zana.

Da masu ƙera wannan tsarin sun wuni a kasuwa, da sun ji ana cewa dala da jikka. Da sun ga mata suna gane kuɗi da launi: koriya jikka biyar, shunayya jikka goma. Ba wuya a nuna hoton takardar kuɗin kafin a tura, ko murya ta faɗi adadin da Hausa. Ai Inna saƙon murya a WhatsApp ba wanda ya koya mata.

Mu ƴan sashen harsuna, aikinmu ne wannan, mu zauna da ƴan'uwanmu injiniyoyi tun ana zane. Ni dai na kira Inna na ba ta haƙuri. Ta yi dariya ta ce sauran ɗari huɗun na nan tafe a hannun direba.