Dala Ashirin Sau Biyar

Duk wanda ya taɓa sayen ƙosai a bakin titi ya san dala ashirin sefa 100 ce. Ba sai ya ɗauki alli ba, tun muna yara muke wannan lissafi a ka. Shi ya sa idan sababbin ɗalibai suka zo wurin da muke haɗuwa muna koyon Python ran Asabar, aikin farko da nake ba su shi ne su rubuta ɗan porogaram da zai tambayi mutum dala nawa gare shi, ya ninka sau biyar, ya faɗa masa sefa nawa ke nan. Layi uku ne kacal. Sai su rubuta, su sa 20, su jira 100. Abin da ke fitowa a allo shi ne 2020202020.

Nan take za ka ga fuska ta canza. Wani ya yi dariya, wani ya duba na kusa da shi, wani kuma ya yi shiru ya jawo kwamfutar jikinsa don kar a gani. Mai shirun nan shi nake tsoro, don sau da yawa ba ya dawowa Asabar ta gaba.

Amma fa abin ba wuya. Duk abin da mutum ya buga ta hanyar input, Python rubutu yake ɗaukarsa, ba lamba ba. In ka ce a ninka rubutu sau biyar, sai ya jera maka shi sau biyar. Da ka sa int ka mayar da shi lamba, magana ta ƙare. Minti ɗaya ya isa a yi bayanin, in har an tambaya.

Abin da na lura, ƴan'uwa, mu nan Nijar da harsuna uku muke wannan koyo. Da Hausa muke tunani, ko Zabarmanci, ko wani harshen gida. A aji da Faransanci ake koya mana algo, a kan takarda, mushe yana rubuta Si da Alors da Sinon a allo muna kwafa. Da ka zauna gaban na'ura kuma sai ta amsa maka da Ingilishi, cikin jan rubutu, kamar tana faɗa. Wanda ya sha wuya a nan ba ƙwaƙwalwa ya rasa ba. Kaya uku ya ɗauka a kai ɗaya.

Ga misali ƙarami. Tun daga firamare an koya mana rubuta uku da rabi da waƙafi, 3,5, yadda Faransawa ke yi. Python ɗigo ya sani, 3.5. In ka ba shi 3,5 ba zai ma yi ƙorafi ba, sai ya ɗauka abubuwa biyu ka jera masa, uku daban biyar daban. Ka ninka sau biyu, maimakon 7 ka ga 3, 5, 3, 5. Na ga ɗalibin da ya ci bak da maki mai kyau a lissafi ya kwashe yamma guda a kan wannan, yana ta sake duba hanyar lissafinsa, alhali lafiyarta lau.

Sai kayan aiki. Kilabiyen da yawancinmu muka saba da shi AZERTY ne, inda lambobi ke son a danne Shift, wasu alamomin kuma sun ɓuya sai da AltGr. Wanda ya sayi tsohuwar kwamfuta da ta shigo ta Kano ko Katsina sai ya iske QWERTY, ya danna nan ya ga wani abu can. Da yawa ma ba su da kwamfutar, a waya suke koyo da Pydroid, da babban yatsa, suna kallon batir da abin da ya rage na mega. Python kuwa yana ƙirga filin da ka bari a farkon layi, da shi yake gane wane layi ke ƙarƙashin wane. Fili ɗaya ya ƙaru ko ya ragu, ya tsaya. In ka kwafo kod daga PDF, wani lokacin filayen su watse, alamomin zance su lanƙwashe, kai a ido daidai suke, shi kuwa bai san su ba.

Akwai kuma tsoffin darussa da ke yawo daga waya zuwa waya. Guido van Rossum, mutumin Holan, ya fitar da Python a 1991. Python 3 ya zo a 2008 da sauye-sauye, aka daina kula da Python 2 a farkon 2020. A na 2 kana iya rubuta print ba tare da baka biyu ba, a na 3 sai da su. To yaro ya samu littafin da aka rubuta don na 2, ya kwafi layin farko harafi da harafi, na'ura ta ƙi. Me zai ce wa kansa? Cewa zai yi shi ne bai iya ba. Ba zai taɓa zargin littafi ba, don an tashe mu a kan abin da ke cikin littafi ba a ja da shi.

Har da abubuwan da sai dai a faɗa maka. Jeri daga 0 yake fara ƙirga, ba daga 1 ba. Alamar = guda ɗaya ajiya ce, biyu a jere kuwa tambaya ce, ko wannan daidai yake da wancan. Ka haɗa 0.1 da 0.2 ka ga 0.30000000000000004, saboda na'ura da 0 da 1 take ajiye lambobi, kuma akwai waɗanda ba sa shiga cif. Ba wanda aka haifa da sanin waɗannan.

Wata ƙanwarmu ƴar shekarar farko ta taɓa ɗaga hannu ta ce, "Yaya, ni fa ban gane ba, ina ake rubuta abin ma?" Aka yi ƴar dariya daga baya. Na ce duk wanda bai san bambancin wurin rubuta fayil da wurin da ake ba da umarni layi-layi ba ya ɗaga hannu. Sai ga hannuwa suna tashi a hankali, har da na masu dariyar. Makonni suka yi suna zaune da tambayar nan a ciki. Kunya tarbiyya ce a gaban surukai, amma a gaban kwamfuta hasara ce. Kuma ga ƴan mata abin ya fi nauyi, don in namiji ya tambaya a ce yana koyo, in mace ce wani ya ce ai dama.

In za ka tambaya, ka taimaki mai taimakonka. Kar ka turo "ba ya yi" kawai. Faɗi abin da kake son ya fito, da abin da ya fito, ka haɗa da kod ɗin da jan rubutun gaba ɗaya. Shi ma jan rubutun ka karanta shi daga ƙasa: layin ƙarshe ke faɗin irin matsalar, sama da shi kaɗan akwai lambar layin da ya tsaya. Kalmomin Ingilishin da ke yawan dawowa kaɗan ne, rubuta su a bayan littafinka da ma'anarsu.

Abu guda da ke faranta mini rai, Python 3 yana karɓar haruffanmu masu lanƙwasa. Kana iya sa wa abu suna kuɗi ko ƙauye ko ɓera, ya yi aiki. Ku gwada, ku rubuta bayanin kod ɗinku da Hausa, ko da kaya ɗaya ya sauka daga cikin ukun. Kai kuma da ka riga ka iya, in ƙaninka ya zo da tambayar da kake gani ƙarama, ajiye kofin shayin ka matsa masa a tabarma.